Raunin Mutum da Raunin Dabba

Da sunan Allah mai fitar da bawa daga ɗakin uwarsa, mai kai shi inda ƙafarsa ba ta taɓa zato ba, mai komo da wanda ya so, ya bar wanda ya so a can. Ni ne Nomau ɗan Ƙosau, mutumin Tudun Gawo, wanda ya ƙetare Hamadar Gishiri da Tekun Shuni har ya taka ƙasar Almuniya. Ku gyara zama. Mai jin barci ya tashi tun yanzu, don ni ba na son a katse ni, kuma ba na maimaita magana.

Tsuntsu ne ya fitar da mu daga gida. Jan-baki ya sa mu a gaba shekara da shekaru. Gero na fara ƙosawa sai ka ga sama ta yi duhu, kafin ka ɗauko gwangwanin kora gona ta koma kara. Duk garin bindiga ɗaya ce ke iya masa, mai baki biyu, irin wadda harsashinta ke cike da tsabar dalma, in an harba ta watsu kamar an watsa wa kaji dawa. Ta Cindo ce, ɗan goggona, taubashina, wanda tun muna yara muke gardamar wane ne bawan wani. Wurin ubansa ya gaje ta tare da jakar harsashi. Jakar kuwa kullum sai ramewa take, kuma duk ƙasarmu babu maƙerin da ya san yadda ake yin wani. Sai wani falke ya ba mu labarin Almuniya, ya ce a can ana zuba bindiga da harsashinta kamar yadda mata ke zuba waina a tanda. Cindo ya ce, "Bawa, ɗauko mini butata mu je mu koyo." Na ce shi ne zai ɗauko mini tawa. Muka kama hanya kowa riƙe da butarsa.

Ba zan tsaya ba ku labarin Hamadar Gishiri ba, inda ake ɗinka wa raƙuma takalman fata, inda gumi ke bushewa a goshin mutum ya kankare ya zuba a miya. A Tekun Shuni ma abu biyu kawai zan faɗa. Na farko, wani tsohon matuƙi Ba'almune, wanda ruwan tekun ya rina masa hannu har gwiwa, ya koya mini harshensu. Cindo ya ƙi koya, wai ba zai yi yaren da sai mutum ya yi kaki kafin ya ce ina kwana ba. Na biyu, a tsakiyar teku wasu tsuntsaye masu girman raguna suka sauko mana suna yayyaga tufafin da ke kama wa jirgi iska, suna neman idon mutane. Cindo ya jingina da itacen jirgi ya yi ta sakar musu dalma har suka watse. Matuƙa suka yi ta ihu suna dukan kafaɗarsa. Amma da gaɓa ta bayyana, tsohon nan ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, ka ce wa ɗan'uwanka ya jefa bindigar nan a ruwa. A teku ta yi mana rana, a ƙasa za ta ci ku."

Na gaya wa Cindo, ya tuntsure da dariya. Harsashi biyu suka rage masa, ya bar su a cikin bindigar. Ni kuwa na tsince kwansunan da aka riga aka harba na zuba a aljihu, don mu nuna wa maƙera irin abin da muke so.

Ashe yaƙi muka tarar. Almunawa da Mutanen Hayi sun haƙa ramuka dogaye daga bakin teku har gindin duwatsu, sun shige ciki kamar gafiya suna kashe juna ba tare da sun ga juna ba. Na ga bututu mai aman wuta, na ga igwa wadda ƙararta ke sa mai ciki ta haihu. Kuma muka ratsa wani ƙauye da hayaƙin Almunawa ya bi ta kansa, wani hayaƙi rawaya da suke saki in iska ta juya wajen abokan gaba. Mutane a kwance, shanu a kwance, tsuntsaye sun zubo daga itatuwa, ko ƙudan da zai bi gawa babu. Kuma ba wanda ke da ko ƙwarzane a jikinsa.

Da fitarmu daga ƙauyen sojoji suka kewaye mu. Suna ganin abin da ke kafaɗar Cindo suka ja da baya suna toshe hanci, sai ka ce mushe ya ɗauko. Shugabansu ya matso, wani dogo mai tsabta, sunansa Barde Harnul. Wallahi ban taɓa ganin mutum mai ladabi kamarsa ba. Ya gaishe mu, ya tambayi gajiyar hanya, sannan ya sanar da mu cewa za a kashe mu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a kan me?"

Ya ce Mutanen Hayi, marasa kunya, sun fara shigo da bindigar tsuntsu cikin ramukan yaƙi. Saboda haka sarki ya yi doka: duk baƙon da aka kama da ita, ko da kwansonta, hukuncinsa kisa. Suka juye aljihuna da tsinin sanda, kwansuna suka zubo. Na ce ai babu komai a cikinsu. Ya ce dokar ba ta ce sai mai komai ba.

"Ka fahimce ni, baƙo," in ji shi. "Mutum ɗaya, harsashi ɗaya. In zan kashe ka, sai in dube ka, in zaɓe ka, in aiko maka da ƙwaya ɗaya wadda taka ce kai kaɗai. Wannan shi ne girmama ɗan Adam. Amma a watsa wa mutum dalma kamar agwagwa? Ko ɗan dokarmu ba ya riƙe ta don ɓarawo. Ɓarawo ma ai mutum ne."

Na fassara wa Cindo. Ya ce, "Tambaye shi, hayaƙin nan da ya kwashe ƙauye har da kaji, shi wa ya zaɓa?"

Na tambaya, da ladabi. Barde bai ji haushi ba ko kaɗan. Ya ce, "Hayaƙi aikin masana ne, kuma ba ya huda fata. Mutum ya mutu da jikinsa cikakke. Ina laifi a nan?"

Kai, jama'a! Na sha ganin mugaye a duniya, kuma mugu yana da daɗin sha'ani, don ka san inda ya dosa. Wannan mutumin ba mugu ba ne. Ya yarda da maganarsa har cikin ɓargonsa.

To, ga inda al'adarsu ta yi musu ƙafar ungulu. Ba sojan da zai taɓa bindigar, don duk wanda ya taɓa ta sai ya tuɓe kayan sarki ya yi wankan tsarki. Ba wanda ya buɗe ta ya ga ko da wani abu a ciki. Suka ce Cindo ya ci gaba da rataya kayarsa har birni, inda za a haƙa mata rami a binne. Muka tafi, mu a tsakiya, su a gefe suna ba shi tazara.

A wata mararraba muka iske kekunan dawaki cike da sojojinsu masu rauni, wani ma'aikaci mai farar riga yana buɗe raunin kowa yana dubawa. Wanda ya ga huda ɗaya a jikinsa, ko da ta kai girman bakin tulu, sai a sara masa don girmamawa, a bi da shi hanyar dama zuwa asibiti. Wanda kuwa ya ga ƙananan huda barkatai, sai a tuɓe masa rigar soja, a huda kunnensa a sa zoben tagulla, a bi da shi hanyar hagu. Na ga ƙato mai gemu yana kuka yana kiran sunan kansa, ba wanda ya dube shi.

Cindo ya ce in tambaya ina ake kai su. Barde ya sunkuyar da kai ya ce Kurmin Sarki. Wanda tsabar dalma ta shiga jikinsa, an riga an yi masa harbin dabba, ya zama naman daji. Ba shi da suna, ba shi da mata, ba a jin shaidarsa. Abin da ya sa suke tsanar bindigar ke nan fiye da mutuwa.

"To, a kurmin yanka su ake yi?" in ji Cindo.

Barde ya zabura. Yanzu? Da damina, lokacin da namun daji ke shayarwa? Ya ce an rufe farauta, ko ɗan sarki ne ya kashe gada a wannan lokaci sai an rataye shi. Sai ganyen itatuwa ya yi ja ya fara zuba, sannan manya ke fita da karnuka da ƙaho. Fuskarsa ta saki da ya zo nan, har ya ba mu labarin tasa bindigar tsuntsun mai adon azurfa da ke rataye a gida tana jiran ranar.

Cindo ya sa na maimaita masa zancen rufe farautar. Ni a lokacin ban kawo komai a raina ba.

Da safe suka kai mu wani fili a bayan birni. Suka ɗaure ni a turke. Cindo kuwa ba mai iya matsarsa sai ya rabu da kayarsa, don haka suka nuna masa ramin da aka haƙa can nesa, suka ce ya je ya jefa ta ya dawo. Ya tafi yana jan ƙafa. Da ya kai kamar nisan da yake harbin zabo, sai ya juyo ya ce da Hausa, "Bawa, haɗe ƙafafunka, ka rufe ido."

Na ce, "Me za ka…"

Wayyo Allah! Na ji kamar an watsa mini garwashi daga gwiwa zuwa idon sawu. Ban gama ihu ba na ji ƙara ta biyu. Na buɗe ido na ga Cindo a ƙasa, ya kafa bakin bindigar a cinyarsa ya saki ɗayan.

Fili ya ruɗe. Aka kirawo mai farar riga. Ya duba ƙafafuna, ya ga huda ba iyaka, ya ja da baya ya ce, "Nama." Nan take aka kwance ni, masu bindigogin da za su harbe ni suka sauke su da sauri, kowa na tsoron igiya. Sai a sannan na gane abin da taubashina ya yi mini. Na fara dariya ina kuka, ina cewa mun tsira.

Mai farar riga ya durƙusa kan Cindo, ya yage wandon, ya daɗe yana dubawa. Ya miƙe ya ce, "Huda ɗaya. Mutum ne."

Ku da ba maharba ba, bari in gaya muku. Dalmar nan sai ta yi tafiya take watsuwa. In bakin bindiga na jikin fata, a dunƙule take shiga. Cindo ya san haka tun kafin ya san sunan ubansa. Hannuna a ɗaure, ba mai harbinsa daga nesa, sai ya gwada sa'a, sa'ar kuma ba ta zo ba. Barde ya yi ajiyar zuciya, ya ce ya yi wa ɗan'uwana murna. Hukunci na nan, amma doka ba ta kashe mutum sai yana tsaye da ƙafafunsa. Aka ɗauki Cindo a hanyar dama, aka huda mini kunne aka bi da ni ta hagu.

Kurmin Sarki ya fi ƙasarmu girma. Itatuwansa ba ka ganin ƙarshensu, barewa na zuwa har gabanka ta sansana ka. A ciki na tarar da masu zoben tagulla sun yi bukkoki a bakin rafi, suna cin saiwa da kifi da 'ya'yan itace. Wani mai ido ɗaya ya zaunar da ni ya tsince mini dalmar ƙafata da ƙaya. Na tambayi sunansa, ya ce dā yana da shi. Abin da ya fi ba ni takaici ke nan: su ma sun yarda. Ba mai zancen gudu. Suna zaune suna duban ganye, suna jiran ranar da zai yi ja.

Ni ban zauna ba. Ina kallon tsabar da ake cirowa daga ƙafata sai wani tunani ya faɗo mini. Huda ɗaya ce a fatar Cindo, amma a cikin naman fa? Ai dalmar na nan tari guda. In likita ya ciro ta ya nuna wa alƙali, Cindo ya zama nama, an kawo mini shi kurmi, sai mu san yadda za mu yi kafin ganye ya juya. Na tambayi mai ido ɗaya yadda zan shiga birni ba a kama ni ba. Ya ce wa zai kama ni? Dabbar da ta ɓato cikin gari lokacin rufe farauta ba mai ikon taɓa ta, sai dai a kore ta. Amma kuma ba mai amsa mata magana.

Haka kuwa aka yi. Da ƙafata ta yi dama na shiga birni da rana tsaka, ta babbar ƙofa, masu gadi suka kau da kai. Na ga maƙerun da muka ƙetare duniya dominsu, wuta na ci, ƙarfe na malala kamar kunu. Na tsaya a ƙofar ɗaya na yi sallama, maƙerin ya watso mini ruwa ya ce, "Shu!" Iyakar abin da na koyo a Almuniya ke nan.

Na sami Cindo ta tagar asibiti, kwance a farin gado, ya yi ƙiba, ya yi haske.

"A'a!" in ji shi. "Wa ya kwance tunkiyar nan? Zoben ya yi maka kyau, bawa. Saura igiya."

Na ce, "Kiwata ka suke kamar ragon layya kana yi mini ba'a."

Na gaya masa dabarata, na ce kuma ko ƙafar ta warke kada ya yarda ya tsaya a gaban kowa. Ya ce to. Amma da na yi zancen dalmar da ke cikin cinyarsa sai ya kau da ido ya ce in je in ga likitan da kaina.

Likita Ozmal tsoho ne mai sanyin murya. Na tare shi a lambun bayan asibiti, na durƙusa, na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya duba hagu da dama. Sannan ya juya mini baya ya fuskanci bango, ya fara magana kamar mai yi da kansa, don kada a ce ya zanta da dabba.

"Da na buɗe cinyar na gan su," in ji shi. "Na kori kowa daga ɗakin. Na zauna da hantsaki ina tsince su ɗaya bayan ɗaya har bayana ya ƙage, ban bar ko guda ba. Na kai su kogi da hannuna. Ba wanda ya sani, ba kuma wanda zai sani. In aka gane, ni ma igiya ce. Amma ban yi nadama ba. Baƙon nan zai mutu mutum."

Na ce, "Baba, ka kashe shi! Don Allah ka je ka faɗi gaskiya. Ga dalmar da aka cire a ƙafata, ka kai ka ce tasa ce, ai iri ɗaya ce."

"In mayar da mutum dabba da bakina?" in ji shi. "Ɗana na fari, a ramin yaƙi aka watsa masa ita a kafaɗa. A mararraba aka gani, kafin ya iso hannuna. Shi ban iya yi masa komai ba. Wannan na iya."

Na ce, "To ai ɗanka na kurmi! Yana ci yana sha. Faɗa mini kamanninsa in kai masa gaisuwarka, in kawo maka shi nan lambun ka gan shi da idonka."

Sai ya ce wa bangon, "Ɗana ya rasu." Ya shige ciki ya rufe ƙofa.

Ban bari ba. Na je ƙofar alƙali na yi ta ihu har muryata ta dushe, aka rufe tagogi. Na tare Barde Harnul a hanya na kama linzamin dokinsa, na rantse masa da abin da ke cikin cinyar Cindo. Ya dube ni da tausayi, ya sa hannu a aljihu ya miƙo mini ɗan gishiri a tafin hannunsa, irin yadda suke ba barewa. Wallahi da duka ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Ba abin da ya rage sai Cindo ya ci gaba da gurguntaka. Ya kuwa iya. In an ɗaga shi sai ya sulale kamar tsumma, yana salati da Hausa yana zagin kakanninsu a ciki. Likita ya yi ta mamaki, ya yi ta canza magani. Na fara sa rai cewa za mu ja abin har yaƙi ya ƙare, ko sarkin ya mutu, ko wani abu dai ya faru.

Wata safiya ina tsugune a gindin tagarsa, masu jinya na gyara gadaje, sai wani garken makwarwa ya tashi fir daga cikin ciyawar lambun. Kafin in ɗaga kai Cindo ya diro daga gado, ya tsaya cak da ƙafa biyu, sandar guragu a kafaɗa yana bin su da ita. Jikinsa ne ya yi, ba shi ba. Tun yana ɗan yaro haka yake in ya ji tashin tsuntsu.

Sai masu jinya suka fara tafi. Likita Ozmal ya shigo da gudu, ya rungume shi, hawaye na zuba, yana cewa ya warke, ya warke. Cindo ya dube ni ta taga ya ce, "Ka ga ta hagun nan? Da na same ta."

Suka yi masa abin da suke kira daraja. Farar riga sabuwa, ganga, tuta, da gwanin harbi mafi iyawa a rundunar, wanda aka ce bai taɓa sa mutum ya sha wuya ba. Ba su ɗaure shi ba. Ni ba a barin dabba ta shiga filin, sai na tsaya a bayan shinge cikin wata gonar kabeji. Barde ya ce ko yana da maganar ƙarshe. Ya nuna da hannu cewa yana da ita, ya juyo wajena ya ɗaga murya.

"Nomau!" Rabon da ya kira ni da sunana har na manta. "Buɗe kunnenka, ni na san yadda ake kama nama. Kada ka jira ganye ya gama ja, yana fara juyawa ka tashi. Ka bi cikin ruwa, ba gefensa ba, kare ba ya jin ƙanshi a ruwa. Iska ta riƙa bugun fuskarka. In ka ji ƙaho ta gabas, ba can suke ba, suna yamma suna jiranka, masu ƙahon kora ce kawai. Kada ka yi gudu a fili, ko an taso ka. Ka kwanta ka lafe, mai gudu ake harbi. Ka ji ko?"

Na ce na ji. Ban san ko muryata ta kai ba.

"Maimaita!"

Na fara maimaitawa ina shessheƙa, yana gyara mini inda na yi kuskure, Almunawa na tsaye sun cire huluna, suna tsammanin addu'ar ƙasarmu ce muke yi. Da na kai ƙarshe ya gyaɗa kai, ya juya ya fuskanci gwanin, ya yi kalmar shahada.

Harsashi ɗaya ne. Ba su yi ƙarya ba, gwanin ya iya.

Suka ɗauke shi a kafaɗa da ganga. Na bi shingen ina neman inda zan leƙa in ga inda za su sa shi, in yi masa ko da fatiha ce a kusa. Sai matar mai gonar ta fito da tsintsiya ta kore ni, don ina tattake mata kabeji.

Ganye na fara juyawa na tashi. Na roƙi mai ido ɗaya da sauran su biyo ni, ba wanda ya motsa. Na bi cikin ruwa, iska a fuskata. Na ji ƙaho ta gabas, na lafe a cikin laka har karnuka suka wuce ta kaina, ina jin ƙarar bindigogin tsuntsu a bayana wajen bukkokin bakin rafi. Duk abin da Cindo ya faɗa haka ya kasance, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Na tsallake duwatsu, na yi bara, na yi dako a jiragen ruwa, har Allah ya kawo ni Tudun Gawo, ba sana'a, ba bindiga, ba ɗan'uwa.

Goggo na zaune a ƙofar ɗakinta tana kaɗi. Ta dube ni, ta dubi bayana, ta ajiye mazarin. Ba ta yi kuka ba tukuna. Ta ce, "Nomau, yaya ya tafi? Sun wulaƙanta mini shi?"

Sai na ba ta abin da aka ba ni. Na ce, "A'a, Goggo. Sun girmama shi. Mutanen ƙasar duk sun shaida, sun ce ya mutu mutum."

Ta ce, "To, dā can mene ne shi?"

Nan hikayata ta tsaya. Allah ya jiƙan wanda aka bari a can, ku tashi ku ba ni wuri.